Yadda na karɓi ɗariƙar Tijjaniyya, da sharaɗin da ya kusa mayar da ni gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan labarin amma kullum sai gobe sai jibi, yau dai gani a zaune a Dawanau ana mana lodin wake kuma ga alama sai dare za a gama, shi yasa nace bari in yi amfani da damar. Ni direban tirela ne, ba malami ba ne, ko almajirin kirki ban kai ba, don haka wanda ya zo neman hujja ko muƙabala ya yi haƙuri ya ƙara gaba. Abinda ya faru da ni kawai zan faɗa.

A gidan Tijjanawa aka haife ni a cikin birnin Kano. Babanmu Allah ya jiƙansa tela ne, kuma shi ne mai shimfiɗa farin ƙyalle a masallacin ƙofar gidanmu idan an zauna wazifa, wato zikirin da Tijjanawa ke haɗuwa su yi kullum, bayan magariba. Wannan ƙyallen a gidanmu yake kwana. Duk ranar Alhamis Inna za ta wanke shi shi kaɗai a wani baho da ba a wankin komai a cikinsa, ta saka masa bula, idan ya bushe Baba da kansa zai hura gawayi a dutsen guga ya goge shi ya ninke ya turara shi, mu yara ko kusa da igiyar shanyar ba ma zuwa don mun san abinda zai biyo baya. Na taɓa goge hannun maiƙo da gefensa ina ɗan shekara bakwai ko takwas, dukan da na sha ran nan har yau in na ga farin yadi a shanye sai na ɗan kauce. A bangon shagon Baba akwai hoton Shehu Ibrahim Inyass, kuma ba ya gajiya da ba mu labarin ranar da ya hango shi da idonsa a Kano yana saurayi, da kuma yadda ya rufe shago ya zauna yana kuka a 1975 da labari ya zo cewa Shehu ya rasu a Landan. Yana ba mu labarin rigimar ƙabalu da sadalu da aka sha a zamaninsu, wai har a raba sahu saboda wani ya ɗora hannu a ƙirji wani ya saki, mu dai dariya muke yi don ba mu ga abin faɗa a ciki ba. Ashe namu na nan tafe.

Yayana, wanda shi ne ɗan fari, ya tafi karatu ya dawo da wata fahimta daban, yace duk wannan abin bidi'a ne. Baba bai taɓa ɗaga masa murya a kai ba, iyaka idan an fara wazifa shi Yaya sai ya ɗau takalminsa ya fita, Baba ya bi shi da ido. Ni kuwa ba na nan ba na can, ban karɓi ɗariƙa ba kuma ban soke ta ba, tasha ce ta ɗauke ni tun ina karen mota.

Baba ya rasu a 2009. Ya bar gida da wani fili a bayan gari. Ina Fatakwal na ji wai Yaya ya sayar da filin, ba shawara ba komai, da na dawo ya miƙo min wasu kuɗi a leda yace rabona ne, na ƙirga na ga ko kusa ba su yi min kama da rabon fili ba, zuciya ta ɗebe ni na watsa masa su a tsakar gida a gaban Inna da matarsa da yara, na faɗi maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Daga ranar muka shiga gaba. Shekara bakwai. Ya yi suna sau biyu ban je ba, nayi aure bai zo ba, idan zan je gaida Inna sai na aika yaro ya leƙa min ko yana ciki. Ita kuma Inna kun san ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai dai tace "wancan ɗin fa ɗan'uwanka ne", ni kuma in yi kunnen uwar shegu in ajiye mata cefane in tashi.

A shekarun nan rayuwata sai addu'a. Sigari kwali ɗaya da rabi a rana, wani lokacin biyu in hanya ta yi tsawo. Salla kuwa sai in tara azahar da la'asar da magariba in zuba su a lokaci ɗaya kamar mai biyan bashi, ina fakewa da cewa ni matafiyi ne.

A daminar 2016 giyabos ya mutu min tsakanin Makwa da Jebba, da lodi a kai, wanda ya san hanyar nan a wancan lokacin ya san me nake nufi. Kwana uku muna jiran a kawo kaya daga Ilori. Akwai wani ɗan masallacin langa-langa a bakin titi, a rana ta biyu na shiga nayi magariba don dai zaman mota ya ishe ni, ana idarwa sai na ga mutane ba su watse ba, sun gyara zama sun yi da'ira gwiwa na taɓa gwiwa. Nufawa ne yawancinsu, ko gaisuwar kirki ba ma iya yi da wasu. Na jingina da bango a baya ina jiran ruwa ya tsagaita. Suka yi istigfari, suka yi Salatil Fatihi, suka shiga hailala, duk ina ji kamar ana kunna min wani tsohon kaset, har wani dattijo ya miƙe ya warware farin ƙyalle a tsakiya yana bin gefe-gefensa da tafin hannu yana miƙar da shi daidai yadda Baba ke yi, suka ɗauko salatin Jauharatul Kamali da irin karin da na taso ina ji. Wallahi ban san sanda na fara kuka ba. Ƙato da ni, da warin sigari da baƙin mai a riga. Ba wanda ya waigo ya kalle ni har aka shafa, sai dattijon nan ya zo ya ba ni hannu ya riƙe nawa ya daɗe bai saki ba, bai ce komai ba ya tafi.

Ina dawowa Kano ko gida ban biya ba na wuce wajen Malam, aminin Baba ne kuma muƙaddami ne, wato mai izinin ba da ɗariƙa, yana sayar da turare da carbi a ɗan shago. Na durƙusa nace Allah ya gafarta Malam ɗariƙa na zo a ba ni. Na ɗauka zai yi murna ya kama hannuna nan take. Sai ya ci gaba da ƙulla turarensa yace to madalla, amma ita ba a ba da ita sai an karanta wa mutum sharuɗɗa ya ji da kunnensa ya ce ya yarda, don alkawari ne har mutuwa, ba riga ba ce da za ka cire in ka ji zafi. Yace in dawo bayan isha'i.

Daren nan ya zaunar da ni ya bi min su ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku ya lissafa. Ya ɗan taɓo tarihi, cewa Shehu Ahmadu Tijjani an haife shi a Ainu Madi cikin Aljeriya a 1737 ya rasu a Fas ta Maroko a 1815, kuma waɗannan sharuɗɗan ba wani malamin unguwa ne ya ƙirƙire su ba, suna nan a littattafan ɗariƙa irin Rimahu na Shehu Umaru Futi wanda ya zauna a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ba za ka haɗa ta da wuridin wata ɗariƙar ba. Ba za ka je ziyarar neman madadi wajen wani waliyyin da ba na cikinta ba, rayayye ko matacce, amma kuma ba za ka raina ko ɗaya daga cikinsu ba, duk ka girmama su. Salloli biyar a kan lokaci, cikin jam'i in da hali, da natsuwa a ruku'u da sujada ba irin caccakar kaza ba (nan ya ɗago ya kalle ni). Biyayya ga iyaye. Kada ka amince wa makarun Allah, wato kada ka ce tunda na shiga ɗariƙa na tsira sai ka miƙe ƙafa kana saɓo. Kada ka ba wani wuridin alhali ba a yi maka izini ba. Ni duk wannan ina gyaɗa kai ne amma hankalina na kan sigari, don na san Tijjanawa ba sa wasa da maganar taba, ina ta lissafin yadda zan yi da ita. Da ya zo kanta nace Malam in sha Allahu zan bari, yace to Allah ya taimaka, ya wuce abinsa kamar ba komai ba.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Ya zo kan sharaɗin da ya hana yanke hulɗa da gaba tsakaninka da musulmi, sai ya rufe littafin ya cire tabarau yace, "Yaushe rabonka da yayanka?"

Nayi tsuru-tsuru. Nace Allah ya gafarta Malam ai shi ya ci min haƙƙi. Yace bai tambaye ni wa ya ci haƙƙin wa ba. Sai wata dabara ta zo min, don a cikin abinda ya karanta min yanzun nan akwai nisantar masu sukar Shehu, nace to Malam ai Yaya munkiri ne, a gabana ya sha cewa ɗariƙa ɓata ce, kaga kenan ni da na ƙaurace masa ma sharaɗi nake cikawa. Malam ya yi dariya har da tari. Yace, "Kai ɗan nan, tun ba ka shiga ba ka fara yi mata fashin baƙi? Shekara bakwai da ka yi ba ka gaishe shi saboda Shehu ka yi ko saboda fili?" Yace idan ka zauna a majalisa aka fara zagin Shehu ka tashi ka bar wurin, wannan shi ne abinda aka ce maka, amma ba a ce ka yanke wanda kuka sha nono ɗaya ba, kuma uwarku tana raye tana kwana da wannan baƙin cikin, da wane bakin za ka yi istigfari ɗari da safe ɗari da yamma? Je ka gaishe shi ka dawo. In ba ka je ba kar ka dawo, ka ci gaba da zuwa wazifa a matsayin mai so, ba mai hana ka, amma hannuna ba zan ba ka ba.

Na fita ina huci, a raina ina cewa muƙaddamai ai ba su ƙare ba a Kano. Kuma da gaske na je wajen wani a wata unguwar, sai da muka gama gaisawa ya tambaye ni ɗan wane gida ne, da na faɗa yace to me ya hana ka zuwa wajen aminin babanka? Na rasa ta cewa na sulale.

Wata biyu ina jan ƙafa. Ranar da na je ɗin, da safe ne, na tsaya a ƙofar gida nayi sallama, gidan da aka haife ni amma ina sallama kamar baƙo. Yaya ya fito da buta a hannu, ya gan ni, nace Yaya ina kwana, ya dube ni sama da ƙasa yace lafiya, ya koma ciki. Shikenan. Na koma wajen Malam nace na je, yace me ya ce, na faɗa masa, yace to ka koma. Na biyu na tafi da lemo da ayaba na yara, ya amsa gaisuwar ya ƙara da "ya hanya", aka tsaya a nan. A na uku ne na same su shi da Inna a tsakar gida, na durƙusa har ƙasa nace Yaya ka yafe min maganganun da na faɗa maka, ban ambaci fili ba shi ma bai ambata ba, ya daɗe yana kallon ƙasa sannan yace Allah ya yafe mana baki ɗaya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, muna jin ta daga nan.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya bayan an tashi daga zikiri Malam ya kama hannuna na dama cikin nasa, ya sake tambayata ko na yarda da sharuɗɗa nace na yarda, ya karanta abinda zai karanta, ya jero min salsalarsa daga wanda ya ba shi har zuwa Shehu Tijjani, ya yi min izinin lazimi da wazifa da zikirin Juma'a, aka shafa fatiha. Ko minti goma ba a yi ba. Ya ciro carbi ɗaya daga na sayarwa ya ba ni, na sa hannu a aljihu yace in na biya sai ya karɓe.

Toh daga nan ne aikin ya fara, don a baki abin ba yawa. Lazimi istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Wazifa sau ɗaya a rana, istigfari 30, Salatil Fatihi 50, hailala 100, Jauhara 12. Ran Juma'a bayan la'asar a zauna hailala har rana ta faɗi. Amma ka gwada riƙe wannan kana kan hanyar Legas, ga gosulo ga masu tare hanya ga mai kaya yana ta kiran waya. Lazimi da wazifa in sun kuɓuce maka sai ka rama, bashi ne, zikirin Juma'a ne kawai in ya wuce ya wuce. Watannin farko har ɗan littafi na saya ina rubuta bashin da ake bi na, wani satin in ga lazimi biyar a kaina. Da na kai kuka wajen Malam sai ya koya min cewa na safe ana iya gabatar da shi tun cikin dare idan isha'i ta ɗan yi nisa, to wannan ya taimake ni sosai don mu da asuba muke ɗaga mota. Ita kuma Jauhara tana da nata hukuncin, ba a karanta ta da taimama sai da alwalar ruwa, kuma sai a wuri mai tsarki da zai ɗauki mutum shida a zaune, in babu sai ka karanta Salatil Fatihi 20 a madadinta. Kun san garejin tirela, inda za ka sami tsarkin da zai ɗauki mutum ɗaya ma aiki ne, don haka ni a hanya kusan kullum ashirin ɗin nake yi, sai na dawo gida nake jin daɗin Jauhara.

Ladubban zaman ma sai da na koya da kunya. Ba a magana, ba a miƙe ƙafa, ba a ɗaga murya sama da ta jama'a ko a riga su, in ka zo a makare ka shiga inda ka same su, bayan an gama ka cike abinda ya wuce ka. Wata rana ana tsakiyar Jauhara, an wuce ta bakwai, wurin ya yi tsit ɗin nan da wanda ya sani ya sani, don mu a wajenmu daga nan ana zaune ne kamar a gaban Manzon Allah SAW, sai wayata ta ɗau ruri da wata waƙar da na saka tun zamanin jahiliyyata, ina laluben aljihu carbi ya faɗi wayar ta zame ta tafi har bakin ƙyalle. Ba wanda ya ce uffan. Bayan an shafa wani tsoho ya matso yace, "Sidi, gobe ka bar ta a cikin takalmi." Har yau a takalmi nake barinta.

Wani abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk da an hana magana a cikin wuridi, Malam yace in mahaifiyarka ta kira ka ka amsa mata sannan ka ci gaba daga inda ka tsaya. Na ga amfanin wannan da Inna ta fara ciwo ina kwana wajenta, ina cikin lazimi za ta ce miƙo min ruwa, in riƙe ƙwayar carbin da ɗan yatsa in miƙa mata in dawo.

Sigari kuwa kar in yi muku ƙarya, ba a rana ɗaya ta tafi ba. Na koma mata sau uku a shekarar farko, duk a hanya, duk da dare. Goro da kanumfari ne suka raba mu a hankali, yanzu goron ne ya zame min nawa jarabar, haƙorana sun shaida.

Inna ta rasu a 2021. A wajen zaman makoki na san za a iya samun matsala, don 'yan'uwa na zawiyya sun zo da yawa kuma magariba ta yi, ga Yaya shi ne babba a gidan. Na same shi a gefe nace Yaya mutanen nan za su yi wazifa, in ba ka so mu tafi masallaci. Ya yi shiru sannan yace ku yi a soro, ni dai ba zan zauna ba. Bai zauna ɗin ba, amma ina hango shi ta ƙofa yana cika butoci yana jerawa saboda masu sabunta alwala.

Maganar fili har yau ba mu sake tayar da ita ba, kuma in gaskiya zan faɗa har gobe ina ganin kuɗin nan ba su cika ba, wani lokacin in na wuce ta unguwar na ga benen da aka gina a wurin sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Shi ma bai canza ra'ayinsa ba ko kaɗan, ranar sallar da ta wuce ma sai da ya ce min har yanzu dai ana nan ana ƙirga ƙwayoyi, nace ana nan Yaya, yaransa suna ta dariya.

Bayan arba'in ɗin Inna ya kira ni a waya, abinda bai saba ba, yace in biyo ta gida in na shigo gari. Na je na same shi ya fito da tsohuwar adakar Baba yana rabon tarkacen ciki. Ya miƙo min wata baƙar leda yace, "Ungo, kayanku ne. Ni ba yi nake ba, kar asu ya cinye shi a banza." Na buɗe sai ga farin ƙyallen, ya yi ja-ja a wajen ninkin, da ƙanshin turaren Baba da sauransa a jiki. Shekara goma sha biyu yana ajiye da shi bai yar ba.

Maiɗakina ta wanke shi ta saka bula, na sayo mata sabon baho na shi kaɗai. Akwai wata 'yar huda a gefe ɗaya na kai wa wani tela ya cike ta. Yanzu in ina gari ni nake shimfiɗa shi a masallacin ƙofar gida, in na tafi hanya kuma sai in bar shi wajen Malam. Ga yaron mota can yana ɗago min hannu, da alama an gama lodin, kuma ban yi na yamma ba tukuna.